Haƙorin da Buba Ya Liƙe Mini

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya sanyin Ngawundere? Ya Alhaji da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Jambutu lafiya lau, in ban da bakina.

Haƙorin nan da aka dasa mini a Yawunde, wanda aka ɗora kan ƙusar ƙarfe a dasashi, ya fara girgiɗi. Buba mai shagon magani na layinmu ya rantse yana da simintin likitocin haƙori. Ashe gam ɗin liƙe takalmi ya shafa mini. Ranar suna a gidan surukaina, ina yagar kilishi, haƙorin ya faɗo cikin kwanon uwar mijina.

Likitan gaske ya ce sai ya kankare ƙusar, ta bushe sarai, sannan ya mayar da nasu simintin. Na ce ya dakata, sai na gama da Buba tukuna. Kullum ina bencin ƙofar shagon Buba, duk mai sayen magani sai na wangale masa baki ya ga aikin. Jiya ya aiko matarsa ta ba ni haƙuri. Gobe ma ina can.

Ki gaida Inna. Ku sa ni a addu'a, amma haƙori za ku roƙa mini, ba haƙuri ba.

Ƙanwarki,
Asabe