Tayar da Ka Ajiye a Filin Bayan Kasuwa

Zuwa ga Malam Na'abu, mai koyar da tuƙin mota a filin bayan kasuwar Isa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Sunana Rabi'atu, ƙanwar Sanusi da ka koya wa tuƙi bara, ina aji shida a sakandare. Kai sa'an Babanmu ne, ban taɓa haɗa ido da kai ba, in na hango ka a hanya durƙusawa nake yi. Na sa wannan wasiƙa inda kowa zai karanta ne domin Baba ya same ka a keɓe, ka sallame shi da cewa ƙaddara ce.

Na farko, maganar taya. Hanyoyinmu na Isa, Bafarawa da Sabon Birni ba su da manyan shataletale irin na Sakkwato. Saboda haka kake ajiye tsohuwar tayar tirela a tsakiyar fili, ɗalibanka suna zagaya ta. Ban ga laifin wannan ba. Laifin shi ne abin da kake faɗa musu: wai mai shigowa shi ke da hanya, wanda ke ciki shi zai tsaya. Ka ce haka ka koya a ƙetaren iyaka, lokacin da kake ɗaukar kaya zuwa Maraɗi. Ban san dokar can ba, ba ni musu a kanta. Amma ɗalibanka ba Maraɗi suke zuwa ba, Sakkwato suke kai mutane. A nan, mai shigowa shi ke rage gudu, ya dubi hagunsa, ya jira na ciki su wuce.

Na biyu, abin da koyarwarka ta haifar. Bayan ƙaramar Sallah Yaya Sanusi ya yi lodinsa na farko zuwa Sakkwato. Inna ta tashi da asuba ta dama masa kunu, tana ta sa albarka. Ya bi hanyar da kowa ke tsoro ya fita lafiya. Da ya iso shataletalen farko na cikin gari, sai ya yi yadda ka koya masa: ya danna oda, ya taka totur, ya shiga. Wata tifa da ke zagayowa ta same shi daidai ƙofarsa. Allah ya tsare fasinjoji da ƙananan raunuka. Shi kuwa hannunsa na hagu ya karye wuri biyu, har yau ba ya miƙewa. Da yana kwance a asibiti, cewa yake ta yi shi ke da hanya, sai da jami'in kiyaye haɗura ya zana wa Baba yadda abin yake. Na ga fuskar Yaya lokacin da ya gane. Yanzu ni ke ɓalle masa maɓallin riga. Ba ka zo duba shi ba.

Na uku, kuma shi ya hana ni barci: ba ka daina ba. Makon jiya, ina dawowa daga makaranta, na tsaya bayan katangar masu hatsi na ji ka da kunnena kana yi wa wani ɗalibi tsawa, wai me ya sa ya taka birki kafin taya. Na yi imani da ƙaddara, Malam, an koya mana a Islamiyya. Amma ba a koya mana cewa mutum ya ji kuskurensa ya karya ɗan wani, ya koma washegari yana maimaita shi ba. Wannan taurin kai ne, kuma ba kai ke biyan kuɗinsa da jikinka ba.

Nan gaba kaɗan 'yan ajinmu za mu Sakkwato rubuta jarrabawar shiga jami'a. Bas ɗin da aka ɗaukar mana ta Lawali ce, wanda ya gama koyo a hannunka bayan Yaya.

Don haka ina roƙon ka, ka kira duk wanda ya taɓa zagaya tayar nan, ka faɗa musu da bakinka cewa ka yi kuskure. Daga gare ka za su yarda, ba daga gare ni ba. Ka fara da Lawali. In girma ya hana ka, ka ɗauke tayar ka daina koyar da abin da ba ka sani ba.

Idan ba ka yi ba, ranar tafiya za ni zauna bayan kujerar Lawali, gefen hagu, inda tifa ta sami Yaya. Ni da ko a aji murya ba ta fita, za ni ɗaga ta gaban mota cike in ce masa ya tsaya, malaminsa bai koya masa daidai ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka zuciyar karɓar gyara, ya hana hannun wani ɗa lalacewa ta dalilinka.

Wassalam.

Rabi'atu, ƙanwar Sanusi,
Isa.