Shafukan da Ke Cikin Durowar Keken Ɗinki

Da sunan Allah na fara. Ni ne mahaifinku, tela, kuma hankalina ras yake, ƙafafu ne kawai suka ƙi ni. Nas, ke kika faɗa mini abin da likita ya ce ba kwana-kwana, shi ya sa na ɗauki biro tun hannu yana iya riƙewa. A karanta wannan ku ukun kuna zaune. In Auta ta ƙi zuwa, a jira ta.

1. Gida da shago a raba yadda addini ya tsara. Ba su ne suka hana ni sukuni ba.

2. Kaset-kaset na wasan barkwanci suna cikin kwalin takalmi a saman sif. Nas ta adana su. Ku fara da na maigidan haya da ya ɓuya a tankin ruwa don gudun masu ƙorafi. Daga rediyo na ɗauka, dariyar mahaifiyarku ta shiga ciki har da tarinta. Kada kowa ya ɗora wani abu a kansa.

3. Littattafan soyayya na mahaifiyarku guda arba'in da ɗaya. Dogo, na ji ka ce buhu za ka zuba su a kai bola. Ban yarda ba. Kai da ba ka taɓa wuce shafi biyu ba, karanta mai koren bango, na mai gyaran agogo da malamar makaranta, sannan ka yanke hukunci. Da shi na koyi ba mace haƙuri bayan shekara ashirin da aure.

4. Wannan shi ne mai nauyin. Da idon mahaifiyarku ya tafi, kullum bayan la'asar nakan rufe keke in karanta mata. Sai na lura in labari ya ƙare da mutuwa ko rabuwa, takan kwana biyu ba ta cin abinci. Na fara sauya ƙarshen da bakina: mara lafiya ya warke, wanda ya tafi ya dawo. Don kada wani ya karanta mata na gaskiyar, na riƙa sa almakashi ina yanke shafukan ƙarshe.

Kun tuna ranar da ta sa Auta ta maimaita mata mai koren bango, aka tarar babu ƙarshe, mahaifiyarku ta fashe da kuka. Dogo, ka ce Auta ce ke ba ƙawayenta aro suna yagawa. Ka mare ta a gaban mijinta, ka ce tana cutar makauniya. Ina tsaye a bakin ƙofa, almakashin yana aljihuna. Na yi shiru don kada mahaifiyarku ta gane. Bayan ta rasu kuma kunya ce ta riƙe mini baki, ba wani dalili ba. Shekara shida ke nan Auta ba ta shiga ɗakin da kake ciki. Ni na jawo, kuma abin yana ci na fiye da ciwon nan.

Auta, ki yafe wa tsohonki. Na ga hannu ya sauka a fuskarki, na sunkuyar da kai.

5. Shafukan suna durowar keken ɗinki, ƙarƙashin zare, kowane kashi da fil da lambar littafinsa. Dogo, kai za ka ɗauka ka kai wa Auta gida da ƙafarka. Ba aike, ba waya. In ta rufe ƙofa, ka koma washegari. In ta buɗe, ku zauna ku liƙa su, kai da gam, ita da littafin. Nas, kada ki shiga tsakani, amma kada ki bar shi ya yi ta ɗagawa. Kin san halin yayanki.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya jiƙan mahaifiyarku. Ku riƙe juna, ku ukun ne kawai. Littafi goma sha tara na gyara wa ƙarshe da bakina. Naku ne na kasa gyarawa, kuma almakashin ya bar hannuna.