Biyun da Dakta Ya Manta

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na dawo gida Tofa da kwamfuta da ciwon kai. Aikin digirina na biyu ya tsaya cak. Galaksi babban tarin taurari ne, ba a iya bin taurarinsa ɗaya bayan ɗaya, sun yi yawa, shi ya sa muke ɗaukarsu kamar ruwa mai gudana, daga saurinsu mu lissafa nauyin galaksin. Nawa lissafin ya ƙi haɗuwa da abin da aka auna. In ban miƙa ba ƙarshen wata, sai baɗi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na gano matsalar, kuma da ma ban gano ba. Babu lamba biyu a gaban kason da ke nuna ko taurari sun fi kai-komo zuwa tsakiya ko zagaye. Dakta Abdulmumini, mai duba aikina, shi ya rubuta min layin da hannunsa. Na saka biyun, komai ya zauna daram. Na cire, ya wargaje. Tsoro nake ji.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ƙawata Ikilima ta ce in gyara shiru, ba zai lura ba. Zai lura mana! Kuma layin nan yana cikin takardar da zai tura mujalla. To da wane bakin zan ce wa malamina ya yi kuskure? Ni da ko ido ba na haɗawa da shi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Wuni guda ɓarar gyaɗa. Ban buɗe kwamfuta ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Da hantsi Baba yana tilawa a zaure, ina tsakar gida ina tankaɗe. Ya tsallake aya a Suratul Kahfi. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ja masa ita, da ƙarfi ma, ta kan katanga. Ya koma ya ɗauka ya wuce, yadda muka saba tun muna yara. Da ya shigo cewa kawai ya yi, "Tahira, Allah ya yi albarka. Akwai sauran koko?"

Na daɗe riƙe da rariya.

Talata, 15 ga Oktoba

Na je ofishinsa a sabuwar jami'a. Gaisuwa ta ƙi ƙarewa, har gonarsa na tambaya. Daga ƙarshe na tura masa takardar, na ce, "Malam, kamar biyu ta faɗi a nan." Ya cire tabarau, ya mayar. Har na fara tsara yadda zan ba da haƙuri. Sai ya ce, "Innalillahi! Da haka za ta tafi mujalla? Tun yaushe kika gani?" Na ce tun Laraba. Ya ce, "Shi ne kika bar ni da ita har yau?"

Alhamdulillahi. A hanyar gida, a Rijiyar Zaki na sayi awara, na cinye a tsaye kamar mara kamun kai.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na miƙa aikin jiya, numfashina ya dawo. Dakta ya turo wata takardarsa in duba masa. Ni dai ban canja ba, ina nan da kunyata. A shafi na uku na ga alamar ragi inda ya kamata a tara, na rubuta masa nan take. Sai da saƙon ya tafi na lura ko sallama ban yi ba.