Ƙafar Lurwanu a Zaman Tahiya

Jidda, 3 ga Rajab, 1371

Yaya Hashimu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Wani direban lori ya ce mini ɗana Lurwanu, da bai cika wata biyu a ƙungiyar tamaularku ta unguwar Hindawiyya ba, ya ci ƙwallo huɗu a wasa uku, sai kuma ka zaunar da shi a gefen fili. Ikon Allah! Ni ban san tamaula ba, amma ko a gida ba a ɗaure akuyar da ke ba da nono a hana ta kiwo. Rashin kunya ya yi maka? Ko dai tsufa ne ya fara taɓa ka? Ka faɗa mini, abin ya hana ni sakat.

Ƙanwarka, Ummulkhairi

Makka, 8 ga Rajab

Ummulkhairi,

Aminci ya tabbata gare ki. Bakinki dai yana nan yadda na san shi. Yaron bai yi mini laifi ba. A masallaci na gano shi. Ina bayansa a sallar La'asar, na ga a zaman tahiya ba ya kafa ƙafar dama, kwantar da ita yake yi. Na bi shi wurin alwala, na ga babban yatsan ya kumbura ya yi baƙi. Shi da ya saba wasa ƙafa ba takalmi, sai aka kawo mana takalman ƙwallo, ya tusa ƙafarsa cikin wanda ya yi masa kaɗan don kada a ce sabon shiga ya cika ƙorafi. Ya ƙi yarda a duba. Ranar Juma'ar makon gobe ne wasanmu na ƙarshe da 'yan unguwar Zahir, dattawan unguwa sun dame ni in sa shi. Wallahi ina tsoron yatsan nan. Gara a ci mu.

Yayanki, Hashimu

Makka, 9 ga Rajab

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi. Kawu ya wulaƙanta ni a gaban mutane, wai in huta. Shekarata goma sha bakwai, hutun me? Ƙafata ƙalau, ɗan ƙaiƙayi ne kawai. 'Yan Zahir sun ce in na koma wurinsu za su sa ni ranar Juma'a. Ki sa mini albarka in tafi.

Ɗanki, Lurwanu

Jidda, 11 ga Rajab

Lurwanu, ya waladi,

Allah ya yi maka albarka. Ban ce ka tafi ba, ban ce kar ka tafi ba. Ni ma so nake in ga ƙafar nan mai ƙaiƙayi. Ranar Laraba zan zo umrar Rajab, kai za ka raka ni. Za mu yi Safa da Marwa sau bakwai, kuma ka san inda maza ke sassarfa. In ka gama ba ka ɗingisa ba, da hannuna zan ɗaure maka takalmin, ka buga wa wanda ka ga dama. Ka gaida kawunka, ko kana fushi.

Innarka

Makka, 15 ga Rajab

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. A zuwa na huɗu tsakanin Safa da Marwa na zauna a ƙofar wani mai sayar da tasbaha a gefen hanya, na kasa tashi. Inna ta tsaya ta dube ni, sannan ta ƙarasa ita kaɗai. Da ta dawo na ga ta yi kuka. Ka turo mini wanzami. Gobe ka sa abokin wasana Yunus a gurbina, ya fi son ƙwallo ta hagu.

Ɗanka, Lurwanu