'Yar Ƙofar Magen Umma

Daren Laraba, Sha'aban, Rusaifa

Na gaji tilis. Yau mai walda ya zo ya yanka ƙasan ƙofar baya, ya sa wata 'yar ƙofa mai lilo don magen Umma ta riƙa shige da fice da kanta. Tun ranar da Umma ta zame a kan tayil wajen saurin buɗe mata, hankalina bai kwanta ba. Har yanzu gwiwarta a kumbure take.

Bayan Magariba magen ta dawo. Ta leƙo kai ta sabuwar ƙofar, ta ja da baya, ta zauna tana kuka. Shaf na manta Umma ta saba mata, ba ta shigowa sai an ce mata "itfaddali", wato "bismillah, shigo" da Larabci, kamar wata baƙuwa.

Na ce, "Umma, ki faɗa mata daga nan mana."

Ta harare ni, ta lalubo sandarta. "A gidanmu ba a tarbar baƙo a kwance."

Haka ta ɗingisa ta buɗe babbar ƙofar gaba ɗaya.

Gobe zan sayo kafet in shimfiɗa a kan tayil ɗin.