Tsohon Ƙahonka Ya Iso Jega

Unguwar Jega Magaji,
Jega, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ƙanena Lukman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Ummukulsum. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutanen Legas, Ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan sai godiya. Inna Mero tana nan da ƙarfinta da bakinta, gwiwa ce kawai ke taɓa ta jefi-jefi. Maigidana Malam Hafizu ya kwashe albasarsa ta Jiga Birni, bana ta yi kai sosai, har gidan nan ya koma rumbu, ko ruwan randa ka sha sai ka ji albasa. Ammar ya shiga sakandare, ya fara jin kansa babban mutum. Salma kuwa tana nan da surutunta, kullum sai ta tambayi yaushe kawunta mai busa zai zo.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Dalili shi ne takarda ba ta cewa sabis ya ɗauke. Tun bayan ƙaramar Salla, duk lokacin da na kira ka ta bidiyo sai ka kashe ka kira ta murya, ka ce hoton ba ya fita. Kai da a da sai na roƙe ka ka sauke wayar don na gaji da kallon haƙoranka. Ummukulsum ma ta koyi halinka, in na tambaye ta lafiyarka sai ta ce lafiya lau ta hau ba ni labarin tsadar tumatir. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in ba Mamuda direba ya danƙa maka hannu da hannu idan ya kai albasar Aliero. Ka karanta har ƙarshe, ko da ranka ya ɓaci.

Tsohon ƙahonka ya iso lafiya, wannan kakakin Turawan da kuke kira tirampet. Mamuda ya kawo shi cikin akwatinsa, tare da saƙonka cewa a ajiye maka shi, ka sayi sabo. Na kuma saurari bayanin da ka turo mini ta waya, na saurara na sake saurara. Ka ce tsohon ya yi nauyi, ƙahon fareti ne, an yi shi don badujala a fili. Ka ce kiɗan jaz da kuke yi a otel, da na bukukuwa, da na tallace-tallacen rediyo, suna son ƙaho mara nauyi mai siririn ƙarfe, wanda ke amsawa da ka taɓa shi, mai sakin iska ba tare da gardama ba. Ka ce ka gwada ƙahoni da dama a shago kafin ka tsaya a kan wannan. Duk na ji, kuma da ka tsaya a nan da ban ce komai ba. Amma sai ka rufe da cewa ka yi haka ne don zaƙin murya kawai, kada in sa komai a raina. Lukman, wa ya ce maka na sa wani abu a raina? A nan na ce da walakin, goro a miya.

Kai kana ƙarami lokacin, ni ce mai miƙa wa mahaifinmu Baba Almu reza. A shekarunsa na ƙarshe, duk sa'ad da za a kira shi busa algaita wajen biki, a Sarandosa ne ko a Aliero, sai ya zauna a zaure yana kankare ɗan karan nan da ake sawa a baki, yana rage masa kauri. Na tambaye shi dalili, ya ce don zaƙin murya ne. Ashe ƙirjin ne ya gaza, yana neman abin da ba zai ci masa numfashi ba, kuma bai gaya wa kowa ba sai da ya faɗi a tsakiyar taro. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. To ka ga, wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Da na ji kalaman Baba sun fito daga bakinka, wallahi abinci bai shiga cikina ba ranar. Na ce shi ke nan, abin da ya ci uban ya juyo kan ɗan.

Ban gaya wa Inna ba. Ka san alkawarin da ka yi mata a gabana ranar da za ka tafi, cewa duk ranar da busa ta taɓa lafiyarka za ka ajiye ta ka dawo gida. Da wannan sharaɗin ta sake ka, tana kuka tana cewa busa ta raba ta da miji, ba za ta raba ta da ɗa ba. Na san ka, na san za ka iya haɗiye garwashi da ka cika wannan alkawari. Don haka sai na rufe bakina, na ɗauki akwatin na hau mota zuwa Maiyama wajen Kawu Yusuf, tunda shi ya koya maka sana'ar, kuma shi ya ba ka wannan ƙahon da hannunsa lokacin da ya bar badujalar 'yan sanda. Na ce in akwai mai gane ƙaryar mabushi, to shi ne.

Na same shi a gindin dalbejiyarsa yana gyaran rediyo. Na zayyana masa duk abin da ka ce, na kuma faɗa masa tsorona. Sai ya yi dariya har da tari, ya ce in kwantar da hankalina, a wannan dai yaronsa bai yi ƙarya ba. Ya ce gaskiya ne ƙaho mai siririn ƙarfe ya fi saurin amsawa, muryarsa ta fi haske, tana ratsa ganguna da jita ta fito sama, kuma masu irin kiɗanku shi suke nema, don suna hawa sama suna daɗewa a can. Ya ce shi kansa da yana da ƙuruciya da abin hannu da irinsa zai saya. Sannan ya ce abin da ban sani ba shi ne ƙaho mai sakin iska ba sauƙi yake wa ƙirji ba, cin iska yake kamar buhun da ba a ɗaure bakinsa ba. Mai raunin ƙirji matsattsen ƙaho yake nema, wanda zai tokare shi ya riƙe masa numfashi. Ya ce duk wanda ya zaɓi mai sakin iska, to huhunsa garau yake. Na ji kamar an sauke mini dutse daga kai, har na fara shirin yi maka tsiya in na same ka.

Da na sani da ban yi saurin murna ba. Kawu ya buɗe akwatin don ya gaisa da tsohon abokinsa, ya ɗaga shi ya juya shi a rana, sai na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya daɗe yana shafa faffaɗan bakin ƙahon da babban yatsa. Ya nuna mini inda ƙarfen ya lotsa aka bubbuge shi ya koma, da wasu ƙananan karce a jere, ya ce wannan ba faɗuwa daga kan tebur ba ce, gogar kwalta ce. Ya nuna mini wajen da hannun hagu ke kamawa, duk danƙon roba ya manne, alamar an naɗa wani abu mai kauri don a samu riƙo, an kuma ɓamɓare shi kafin a aiko. Ya nuna mini sawun igiya a wuri biyu, inda aka ɗaura don a rataya a wuya. Ya ce a busa irin taku hannun dama latsa maɓallai kawai yake yi, hagu shi ke ɗauke da nauyin duka. Ya ce shekara da shekaru ka riƙe wannan ƙahon ba ka taɓa cewa ya yi nauyi ba, kuma ƙarfe ba ya ƙara ƙiba. Daga nan ya rufe akwatin ya ce in je in tambayi wanda ya kawo shi.

Na tare Mamuda a tashar Aliero suna lodi. Da ya hango ni sai ya shiga duba tayar da ba abin da ya same ta. Ya ce shi direba ne ba likita ba, an ba shi kaya ya kawo, iyakarsa ke nan. Na ce masa uwarsa da Inna tare suka yi wasan ƙasa, in wani abu ya same ka yana sane, ya san inda zai sa fuskarsa. Kada ka ga laifinsa, ya yi iya ƙoƙarinsa wajen rufa maka asiri, ni ce ban bar shi ba. Ya ce ya same ka sanye da babbar riga a cikin wannan zafin na Legas, kai da ko ranar aurenka sai da aka yi faɗa kafin ka sa ta. Ya ce hannun hagunka bai fito daga cikin rigar ba har ya tafi. Ya ce akwatin ma da ƙafa ka turo masa shi. Ya ce ya ga wani babur a jingine a soro da karyayyen madubi, ya tambaya, ka ce na maƙwabci ne.

To yanzu kai ka gaya mini, ƙanena. Ban ce na gani da idona ba, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma biri ya yi kama da mutum. Abin da zuciyata ke ba ni shi ne ka faɗi a kan hanya da ƙahon a bayanka, hannu ko kafaɗa ta taɓu, ka bari wani ya ja maka ya ɗaure, ka koma aiki tun bai warke ba don kada wani ya gaje maka wuri a ƙungiyar. Da tsohon ya gagare ka ɗauka sai ka nemi mara nauyi, ka haɗa mini da bayanin jaz, wanda gaskiya ne, don gaskiya ta fi daɗin ɓoye abu a bayanta. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ba sayen ƙahon ne ya ɓata mini rai ba, Allah Ya sa ka more shi. Abin da ya ƙona ni shi ne ka ɗauke ni kamar wadda za a rufe wa ido da zaƙin murya sau biyu a rayuwa ɗaya.

Ka yi tunani da kyau. Ƙashin da ya haɗe a karkace ba ya jiran mai shi ya gama kwangila. Yau ka rage nauyin ƙaho, gobe me za ka rage? Kawu ya ce hannun da aka tilasta wa aiki yana ciwo, daga baya yatsun ne ke mutuwa, kuma bai taɓa ganin mabushin da ya daɗe da hannu ɗaya ba. Ga mutane na tahowa Aliero daga nesa, har daga can inda kake, don a yi musu ɗori, kai ɗan gida kana can kana ɓoye naka a cikin babbar riga. Malam Hafizu ya ce in ka zo shi da kansa zai fara kai ka asibiti a ɗauki hoton ƙashin, sannan a san ko na likita ne ko na masu ɗori. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka bari mu kama maka.

In kuwa ƙarya zuciyata ke yi mini, abin mai sauƙi ne. Ka kira ni ta bidiyo, ka cire rigar, ka jingina wayar, ka ɗaga hannuwanka biyu kamar mai kabbara. In ka yi haka zan ba ka haƙuri a gaban Ummukulsum, ka kuma yi ta yi mini dariya har tsufanmu. In ba za ka iya ba, kada ka wahalar da kanka da neman wani bayanin. Mamuda zai juyo da zarar ya sauke kaya, na riga na ce ya bar maka gaban mota.

Na san abin da ke riƙe ka shi ne alkawarin Inna, don haka bari in gaya maka abin da Mamuda ya ƙara mini da na juya zan tafi. Ya ce ai ba ni ce na fara tsare shi ba. Tun ranar da ya kawo akwatin, ina ciki ina ɗebo masa ruwa, Inna ta dube shi ta ce, "Mamuda, da wane hannu yam miƙo maka shi?" Ya ce daga nan ba ta sake tambaya ba. Ashe duk zirga-zirgar da nake yi tsakanin Maiyama da Aliero ina ɓoye mata, ita ta riga ni isa. Na dawo na tarar ta sa an share ɗakinka, an shanya katifa.

Malam Hafizu yana gaishe ka, haka Ammar da Salma. Kawu Yusuf ya ce a gaishe ka, a kuma ce maka zaɓin ƙahon ya yi, ɓoyon ne bai yi ba. Ka gaishe mini da Ummukulsum, ka ce mata ban riƙe ta a rai ba, mace ce mai rufa wa mijinta asiri, amma ta shirya kunnenta. Ka gaishe da abokan kiɗanka da duk mutanenmu na Jega da ke wajen.

Saƙon Inna na bari a ƙarshe, don yanzu ta shigo ta same ni ina rubutu, ta zauna a bakin gado ba ta tambayi wa nake rubuta wa ba. Ta ce in gaya maka ita ɗa ta ce a dawo mata da shi, ba ƙarfe ba, kuma kwalta daban, busa daban, ba ta bin ka bashin alkawarin komai. Ta ce ka warke ka koma aikinka in kana so. Ta kuma ce ka taho da sabon ƙahon, don tun da ka fara sana'ar nan ba ta taɓa yarda ta saurare ka ba. Tunda ka ce ba shi da nauyi, ta ce ita za ta riƙe maka shi kana busawa.

Wassalam. Allah Ya kawo ka lafiya.

Taka har kullum,
Addarka Raihana