Na Sa Wa Ƙofar Rijiyarki Kwaɗo, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Hajiya Rabi mai masa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa kina cikin rahama. Ni ce Bilkisu, autarki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma zan ɗora wannan a shafina na sada zumunta, kuma mutanen layinmu na Dilimi za su karanta, don ba abin da ke wuce su. Su karanta ɗin. Da ke nake magana.

Inna, bayan tafiyarki wata cuta ta shigo duniya, ana ce mata korona. Huhu take kamawa, kuma ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Gwamnati ta sa dokar kulle a Jos. An rufe kasuwa da masallatai da coci-coci, an rufe makarantar da nake koyarwa. Aka ce kowa ya zauna a gidansa, a daina musabaha, a yawaita wanke hannu. Ranar da na ji sanarwar a rediyo, wallahi ba kaina na tuna ba, Baba na tuna.

Kin fi kowa sanin ƙirjin Baba. Shekarun da ya yi yana haƙar kuza a ramukan Bukuru ba su bar masa huhun kirki ba. Yanzu abin ya fi yadda kika bari. Daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya dafa bango ya huta. Mura kaɗai takan kwantar da shi, ballantana wannan.

Ga kuma rijiyarki a tsakar gida.

Ina tuna lokacin da aka haƙa ta. Da ribar masa da adashinki kika sa aka fara, masu haƙa suka ci karo da dutse suka ce a haƙura, kika ce ba inda za su. Baba ya shiga ramin da kansa ya nuna musu inda za su sara. Da ruwa ya fito kin yi kuka, kika ce wannan ce guzurinki, sadaka ce da za ta ci gaba da bin ki da lada har cikin kabari. Tun daga ranar ba a sake rufe ƙofar gidan nan da rana ba. In muka yi mita cewa an cika mana gida da laka, amsarki ɗaya ce: "Ku bar musu ƙofa, ruwan ba nawa ba ne."

To dokar kulle ta zo daidai ƙarshen rani. Famfo ya daɗe da ɗauke ruwa, rijiyoyin layi duk sun ƙafe, taki ce kaɗai ke da ruwa. Kin ga abin da ya faru ke nan. An ce kowa ya zauna a gida, sai gaba ɗaya unguwa ta zauna a gidanmu. Tun da safe tsakar gida cike take da mata da jarkoki da bokitai. Wadda ta ja ruwanta ba za ta tafi ba, sai ta kife bokiti ta zauna a kai, tunda ba kasuwa ba makaranta. Kowa ya shigo kuma sai ya leƙa ɗakin Baba ya gaishe shi, maza su miƙa masa hannu, shi kuma kin san shi, ba ya iya barin hannun mutum a iska.

Na yi magana da lalama, Allah Ya sani. Na ce a riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, a bar Baba ya huta. Aka yi mini dariya. Yaya Sani, ɗanki na fari, wanda ya kamata ya tsaya mini, shi ne ya fara cewa ai cutar masu hawa jirgi ce, me ya haɗa ta da talakan Dilimi. Shi da ke kwana yana tashi cikin 'yan lodin kayan gwari a kasuwar Farin Gada, ya taho da ƙurar motocin garuruwa a jikinsa ya zauna a bakin gadon Baba.

Sai na sayo kwaɗo na rufe ƙofa.

Kada ki ce na hana mutane ruwanki, Inna. Ban hana ba. Na fitar da babban duron nan naki na jiƙa shinkafar masa, na ajiye a ƙofar gida. Ni nake ja da guga, in ɗauka in kai in juye, in dawo in sake ja. Duro ya yi ƙasa in cika shi. Igiya ta tsattsage mini tafin hannu har na koma naɗa tsumma. Duk wanda ya zo da jarka ya tafi da ruwa. Maman Ngozi mai shagon bakin titi, ita kam tun farko ta gane. Takan jera jarkokinta ta koma nesa ta tsaya da takunkumi a fuska, ta ɗaga murya ta tambayi jikin Baba da Hausarta mai daɗi, ta ce in kula da tsoho.

Amma sauran, ashe ba ruwan kaɗai suke so ba. Suka ce na yi boko na fi ƙarfin maƙwabta. Suka ce ina ƙyamar mutane. Wata har cewa ta yi ai dama an san ranar da Hajiya ta rufe ido gidan ya mutu. Na ji duk wannan ta bayan kyaure, na haɗiye.

Ba na jin haushin wanda ya karya doka don yunwa. Mai tura baro da mai sayar da awara, in ba su fita ba yaransu ba za su ci ba, wannan na sani, kuma ina tausaya musu. Waɗanda suka ƙona mini rai su ne masu fita don ba su iya zama ba. Motar jami'an tsaro ta shigo layi kowa ya ruga gida, tana juya baya a sake shimfiɗa tabarma. An yi suna a bayanmu, an yi kamu a layin gaba, an cika ɗaki ana guɗa, wai an rufe tagogi don kada hukuma ta ji. Haba! Hukuma ce za ta kwanta ciwon?

Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ita ce ta gama da ni. Ta zo ta tarar da kwaɗo, ta buga ƙofa har na fito. Na gaishe ta daga ciki, na ba ta haƙuri, na ce ga waya ta yi magana da yayanta. Ta tsaya a tsakiyar layi, gaban masu ɗiban ruwa, ta ce: "Bilki, kin yanke wa uwarki lada tana kwance a kabari. Allah Ya isar mata."

Inna, maganar nan ta shige ni. Na koma bakin rijiya na zauna na yi kuka har na gode Allah. Daga baya na kira liman na tambaye shi. Ya ce ruwan duro ai ruwan rijiyar ne, ladanki bai ragu da komai ba, kuma kare rai yana gaba. Amma shi a waya ya faɗa, ni kaɗai na ji. Ita kuwa Gwaggo a bainar jama'a ta faɗi tata, kuma tagar Baba a buɗe take.

Baba ya ji komai. Daga ranar ya rage cin abinci, ya riƙa zama yana kallon ƙofa.

Akwai ranakun da ake sassauta doka don mutane su sayi abinci. A irin wannan rana na tafi Farin Gada neman dankali da kabeji, na bar mabuɗi a rataye inda na saba. Ina dawowa tun daga bakin layi na hango ƙofarmu a wangale. Tsakar gida ta cika fiye da da, kamar an saki ruwan da aka tare. Ga Baba an fito masa da kujera bakin rijiya, ya sa hular Juma'arsa, yana ta miƙa hannu yana amsa gaisuwa, fuskarsa fes kamar ranar Sallah. Ga Gwaggo a gefensa, daga wani biki ta taho ko gida ba ta je ba, tana tari tana goge baki da gefen gyale tana cewa mura ce ta sanyin Jos.

Na zubar da kayan hannuna. Abin da na faɗa ranar ba zan maimaita miki ba, amma ban bar kowa ba, babba da yaro. Baba ya bari sai da na yi shiru, sannan ya kira ni kusa, ya yi magana a hankali don numfashi ba ya isar sa.

Ya ce: "Bilki, ba abin da ya rage da zan iya yi wa uwarku sai wannan. Ki bar ni."

Me zan ce masa, Inna? Ke ce za ki iya da shi. Ya zura mabuɗin a aljihun rigarsa, ƙofa ta ci gaba da zama a buɗe. Na ajiye buta da sabulu a zaure na roƙi kowa ya wanke hannu kafin ya shiga. Kafin azahar sabulun ya yi ƙafa.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama shi. Yaya Sani ya ce masassara ce, ya kawo magani daga kemis. Sai tari ya ƙaru, sai ya ce ba ya jin ɗanɗanon kunu, sai na ga yana jan numfashi kafaɗunsa na ɗagawa. Ban shawarci kowa ba, na kai shi asibiti. Aka gwada, aka ce ita ce. Ban san wa ya kawo masa ba, kuma ba zan ɗora wa Gwaggo ita kaɗai ba, hannuwa nawa ya riƙe a kwanakin nan? Suka wuce da shi ɗakin da ake killace masu cutar, suka sa masa iskar oksijin, suka ce ba a shiga. Ko filonsa ban samu na gyara masa ba.

Washegari ma'aikatan lafiya suka zo da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka yi feshi a gidan, suka ce in zauna a ciki kada in cuɗanya da kowa. Layinmu gaba ɗaya ya fito kallo, amma daga nesa.

Yanzu sun yarda akwai cutar, Inna. Yardar tasu ke nan, sun guje mu. Waɗanda suka ce ina ƙyamar mutane, yau in za su wuce ƙofarmu sai su tsallaka ɗaya gefen, su ja mayafi su toshe hanci. An hana yara bin ta gabanmu. Duro yana nan cike a waje har ganye ya fara taruwa a kansa, sun gwammace su tafi har rafi. Gwaggo ta kira ni, na ɗauka jikin yayanta za ta tambaya, ashe cewa za ta yi na tona wa dangi asiri da na kai shi asibiti, kuma in ma'aikata sun tambayi waɗanda suka zo gidan kada in ambaci sunanta. Na ambata. Maman Ngozi ita ma ta daina aiko da jarka, amma takan kira kullum, kuma ba na ganin laifinta, don ita dama tsoron take ji tun farko ba ta ɓoye ba.

Yaya Sani kuwa kullum yana bakin ƙofar asibiti tun safe, a tsaye, ba a barin sa ya shiga. Ya kira ni yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na yi niyyar in tuna masa maganar masu hawa jirgi, sai na ji ba zan iya ba.

Ina jin tsoro, Inna. Ina jin haushi, ina kuma jin kewarki fiye da ranar da aka fita da ke. Gidan nan ya yi mini girma. Ina share ɗakin Baba kullum, in kaɗe shimfiɗarsa, in rasa abin yi in sake sharewa.

Yau da hantsi wata ma'aikaciyar jinya, Allah Ya saka mata da alheri, ta kira ni ta kara masa waya a kunne. Ta ce kada in ja shi da magana. Na ji ƙarar iskar da aka sa masa kafin in ji muryarsa. Na ce Baba ya jiki. Sai da ya ja numfashi ya ja, sannan ya ce: "An bar wa mutane ƙofa?"

Na ce a buɗe take, Baba.

Ya ce alhamdulillahi. Daga nan ta karɓe wayar.

Ban yi masa ƙarya ba, a buɗe take, ni na buɗe ta da hannuna tun da asuba. Abin da ban iya faɗa masa ba shi ne tun ranar da ma'aikatan lafiya suka yi feshi ba wanda ya tako zauren nan. Rijiyar da ya ba da ƙirjinsa don kada a rufe ta, ni kaɗai nake jefa mata guga.

Ya Allah, Ka ji ƙan Inna, Ka kai mata ladan kowane ɗigon da aka taɓa sha a gidan nan. Ka sassauta wa Baba numfashi, Ka tashi kafaɗunsa, Ka dawo mini da shi da ƙafafunsa. Ka kare mutanen layinmu, har da waɗanda nake fushi da su, kada ɗayansu ya tsaya a bakin ƙofar asibiti yadda Yaya Sani yake tsaye. Ka yaye mana wannan annoba. Amin.

Inna, na san kina jiran sa. Don Allah ki ƙara haƙuri, ban shirya ba tukuna.

Taki har abada,
Bilkisu
Dilimi, Jos